Muryar Motar Malama Ladi

Duk yaron da ya leƙa bayan tsohuwar motar nan bitil ya ga injinta sai ya yi dariya. Ku ma da kuka zo jiya kuna ɗaukar hoto da wayoyinku, na ji ɗayanku yana cewa wannan ai injin markaɗe ne aka sa wa tayoyi, ko da ido rufe a gyara shi. Ban tanka ba, don mai furfura ba ya jayayya da mai waya a hannu. Amma raina kama ka ga gayya. Gaskiya ne ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa, iska kawai ke sanyaya ta, kuma da 'yan sifanu da sukudireba ɗaya kana iya sauke injin gaba ɗaya kafin azahar. Sai dai saukewa ba ita ce sana'ar ba. Sana'ar tana kunne.

Na shiga aikin nan ina ɗan saurayi, a garejin Baba Ango da ke bakin hanyar Akwanga. Lokacin Keffi tana ƙarƙashin Filato, Abuja kuwa a rediyo kawai muke jin ta. In ka je can ba abin da za ka gani sai jar ƙasa da katafila. Na zo da zumuɗin a miƙo mini sifana, sai Baba Ango ya nuna mini wata tsohuwar taya, ya ce in zauna in ba titi baya. Duk motar da ta taho, kafin ta iso, sai ya tambaye ni ta wa ce. In na kuskure, ranar nan wankin noti da kananzir ne aikina har yamma. Na yi ta wankin noti har fatar hannuna ta yi fari, ina zaginsa a zuci, ina cewa tsohon nan ƙyashin ilimi yake yi.

Wata rana da la'asar, ina gyangyaɗi a kan tayar nan, sai kunnena ya buɗe. Ban san yadda zan gaya muku ba. Da duk bitil ƙara ɗaya take yi mini, ranar nan sai na ji kowacce da muryarta. Ta alƙali tana da nauyi, tana tafe kamar mai gyaran murya. Ta fasto tana haki, don kullum cike take da mawaƙan coci. Ta ungozoman asibiti tana da wani ɗan tsaki a ƙarshen numfashinta. Na riƙa kiran sunayensu ido a rufe, ɗaya bayan ɗaya, Baba Ango yana ƙarƙashin mota yana ji. Washegari na tarar da doguwar sukudireba a kan tayata. Ita ce har yau nake kafa bakinta a jikin inji, in ɗora kunne a kan ƙotarta, in saurari abin da ke ciki.

Aikin farko da ya bar ni na yi ni kaɗai shi ne daidaita tafet, wato 'yar tazarar da ake bari tsakanin bawul da ƙarfen da ke danna shi. Ba a yin sa sai inji ya kwana ya huce sarai, don ƙarfe in ya ɗauki zafi kumbura yake, ya yi maka ƙarya. Saboda haka daga masallacin asuba sai gareji. Ka kwanta a kan buhu, raɓa tana jiƙa maka ƙeya, ka zura siririn ƙarfen awo, ka ja. In ya wuce salin-alin, ya yi sako-sako. In ya cije, ka matse da yawa, kuma bawul zai ƙone. Ana so ya wuce yana ɗan jan ƙafa. Baba Ango kan ce a ƙasarmu mai zafi a bar wa silinda ta uku ɗan sarari fiye da 'yan'uwanta, don ita ce iska ba ta isa sosai. Ban taɓa ganin an rubuta haka a ko'ina ba, amma motocinmu ba sa ƙonewa a hanyar Nasarawa.

Masu bitil ba masu kuɗi ba ne. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan asibiti, da akawuna, da 'yan kasuwar da suka fara ganin haske. Suna kula da ita kamar 'yar fari, suna kuma cutar da ita ba da sani ba. Akwai wani mai sayar da tabarmi daga Liman Abaji da ya zo yana rantsuwa an yi wa motarsa asiri, duk ranar kasuwa sai ta mutu a hanya, sauran ranaku lafiya lau. Na bincika komai ban ga aibu ba. Sai na ce ya zo mini da ita ranar kasuwa yadda yake loda ta. Ya zo da tabarmi a kan rufi, sun zubo ta baya sun rufe ramukan da take shaƙar iska. Na ɗage tabarmar na ce ga bokan nan. Ya daɗe yana kallon ramukan, sannan ya roƙe ni kada in gaya wa mutanen unguwa.

Sannan shekarar wahala ta zo. Motocin kwatano suka cika gari, masu sanyi a ciki, masu gilashin da ke hawa da kansa. Aka ba mu jiha, Abuja ta tumbatsa, Keffi ta cika da ma'aikatan da ke kwana nan su yi sammako can, kuma ba mai son ya shiga cunkoson go-sulo da motar da ke dafa shi kamar dankali. Kayan gyara suka ɓace daga kasuwa. Cikin damina ɗaya na wayi gari ba mota ko ɗaya a rumfata, sai na koma gyaran injin markaɗe da janareto don yara su ci tuwo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tafiya cikin gari. Ko'ina na bi sai in ga wadda na sani a gindin mangwaro, tayoyi sun nutse, kaji suna ƙwai a kujerar direba. Wani lokaci da rana tsaka, in barci ya fara ɗaukata a benci, sai in ji su suna tahowa a jere daga hanyar Akwanga, ta alƙali a gaba, ta fasto tana haki a baya, ina kiran sunayensu. In na buɗe ido sai in ga 'yan acaba ne.

Aikin da nake so in ba ku labari ya zo ne bayan na fid da rai da sake taɓa bitil. Wani mutum mai suna Bitrus, ma'aikaci a Abuja, ya tsaya a rumfata ya gaishe ni da ladabi, ya ce shi ɗan Malama Ladi ne. Nan take na gane. Malama Ladi ta daɗe tana shugabar wata firamare, tana da bitil shuɗiya, kuma ni ne bakanikenta tun ina hannun Baba Ango har ta yi ritaya ta ajiye motar a bayan gida. Mijinta Baba Ayuba malamin asibiti ne, mutum mai sanyin hali, bai taɓa koyon tuƙi ba. Shi yakan riga ta tashi daga aiki, ya zauna a ƙofar gidansu a Gangaren Tudu, in ya jiyo motar ya tashi ya buɗe mata get, su shiga su ci abincin rana tare.

Bitrus ya ce tsufa ya taɓa kan Baba. Ya manta 'ya'yansa, ya manta cocinsu, yanzu kuma ya manta matarsa. Tana zaune kusa da shi amma yana ce mata baiwar Allah. Kullum da rana sai ya ja kujera ƙofar gida yana jiran Ladi ta dawo daga makaranta, in an kawo abinci ya ce shi ba ya ci sai matarsa ta dawo. Da lallashi da dabara ake ɗura masa ɗan kunu. Ya rame, likita ya ce in aka ci gaba haka ba za a daɗe ba. Shi ne Bitrus ya yi tunanin motar. Ya sa aka ja ta zuwa Abuja, aka yi mata gyara na gani na faɗa, ya tuƙo ta har ƙofar gida da rana. Baba ya kalle ta ya ce an yi baƙi, a kawo musu ruwa.

Na je na ga motar, kuma wallahi yaran Abujan nan sun yi aiki. Fenti kamar ka lasa, kujeru sababbi, inji an wanke shi an canja duk abin da ya gaji. Na tayar da ita, ta ɗauka tun kafin in saki makulli, tana tafiya sumul kamar keken ɗinki. Da Baba Ango yana raye da ya cire hula. Amma ba motar Malama ba ce. Ta Malama tana da fito kashi biyu, don bututun salansarta na hagu ya taɓa lotsewa a jikin kututture, sai ya zama ɗaya yana siriri ɗaya yana kauri. Tana da ɗan ƙyas-ƙyas na silinda ta uku da muke bar wa sarari. In tana tsaye kuma numfashinta ba ya daidaita, sai ta yi kamar za ta mutu ta farfaɗo.

Na gaya wa Bitrus cewa sai na ɓata abin da aka gyara. Ya dube ni, ya dubi fentin.

"Baba Sale, abeg, in ma ƙona ta za ka yi, ƙona ta. Ni dai babana ya ci abinci."

Ban taɓa yin aikin da ya ba ni wuya kamar wannan ba. Duk rayuwata ina koyon yadda ake fitar da aibu daga inji, yanzu ana so in mayar da shi, kuma ba kowane aibu ba, wancan na da, daidai shi. Tafet ɗin bai ba ni wahala ba, na yi shi da asuba kamar kullum. Numfashin kuma na samo shi a jikin kafireto, ina juya sukurun silo kaɗan-kaɗan har ta fara wannan shiɗewa. Bututun ne ya sha ni. Na naɗe sabon ƙarfe mai walƙiya da tsumma, na ɗauki ƙaramar guduma, hannuna yana ƙin sauka. In na ɗan buga sai in tayar da ita, in koma gindin dalbejiya in ba ta baya, in rufe ido. In jira in ji ko shuɗiyar nan ta da za ta taho cikin kaina ta haɗu da wannan. Kwana da kwanaki suna tafiya kusa da juna ba su haɗu ba. Wata safiya sai na kasa bambance wadda ke cikin kaina da wadda ke bayana, na san an zo wurin.

Ranar nan da rana na tuƙo ta da kaina. Na gangaro a hankali, na canja giya a inda ya kamata, na tsaya a ƙofar gida tsaf kamar mai jarrabawar lasin. Tun daga nesa na hango Baba Ayuba ya ɗago kai, ya karkata kunne. Ya dafa kujera ya miƙe. Amma da na tsaya sai fuskarsa ta canja, ya ɗaga sandarsa yana nuna ni.

"Motar Ladi ce wannan. Wa ya ba ka? Ina ka kai mini mata?"

Ya yi ta kuka yana kiran maƙwabta su kama ɓarawo. Ranar ko kunun bai sha ba. Garin neman gira mun tashi rasa ido, kuma na koma gida da baƙin ciki irin wanda ban yi ba ko a shekarar da aiki ya ƙare.

Washegari na koma don in ba da haƙuri in ce a ɓoye motar. Na sami Malama a tsakar gida tana tsince shinkafa, gwiwoyinta a kumbure, ta ɗora ƙafa a kan kujera 'yar tsugune. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce motar ba ta da laifi, na samo muryarta sarai, don ita kanta da ta ji ta jiya sai da ta duba agogo. Laifin na ƙafata ne.

"Malam Sale, kai ka iya tuƙi da yawa. Ni ban taɓa isowa gidan nan da inji a kunne ba."

Ashe tun zamanin wahalar fetur ta saba, in ta kai kan tudu wajen tsamiya sai ta fitar da giya, ta kashe inji, ta bar motar ta gangaro da kanta har ƙofa. Da fetur ya samu ma ba ta daina ba. Shekaru ina gyara motar nan ban sani ba, don ni a gareji nake jin ta, ban taɓa jin ta tana komawa gida ba. Shi kuwa Baba abin da ya sani ke nan: fiton ya taso daga nesa, ya yi kusa, sannan ya ɗauke ɗif, sai ƙarar tsakuwa a ƙarƙashin taya. In ƙarar ta iso ƙofa ba ta ɗauke ba, to ba Ladi ba ce.

Na ce to ni zan kashe a wajen tsamiya. Ta girgiza kai ta ce ko na kashe, ni zai gani na fito. Ita za ta tuƙa.

Bitrus ya ce atafau bai yarda ba. Mama ta yi shekaru ba ta riƙe sitiyari ba, gwiwarta ba ta iya taka kuloci, kuma gangaren da ta sani da jakuna yanzu acaba da keke-napep ne ke gudu a kai. Kada a je ceton uba a rasa uwa. Ta bar shi ya gama, ta ce masa tun kafin a haife shi take gangarowa tudun nan, ya je ya nemo mata gilashinta. Ni na san in malamar makaranta ta yi irin wannan murya an gama magana, sai na ɗauko kayan aiki. Na sassauta wayar kuloci na shafe ta da giris har ta yi laushi yadda ƙafar tsohuwa za ta iya. Na matso da kujera gaba, na sa matashi. Na bi birki taya-taya na ɗaure. Ku kuma kada wani ya ji wannan ya je ya kashe injin motarsa ta zamani a gangare. A motocinku birki da sitiyari duka da inji suke aiki, kashewa ɗaya sai lahira. Bitil ce ba ruwanta.

Muka yi shawara ni zan kwanta a kujerar baya, in naɗe kamar tabarma yadda ba za a hango ni ba, hannuna ɗaya a kan birkin hannu ko da ta-kwana. Muka tura motar ta ƙofar baya ba tare da an tayar ba, muka kai ta can bayan tudu. Malama ta sa irin ɗinkin da take zuwa makaranta da shi, ta ɗaura kallabi, ta rataya jaka. Ta zauna ta riƙe sitiyari da hannu biyu, ta yi addu'arta a hankali, ni ma na yi tawa daga baya.

Tashin farko motar ta yi tsalle ta mutu. Na biyu ta ɗauka. Ta sa giya da wani irin ƙara da ya sa haƙorana suka yi tsami, muka fara hawa. Daga inda nake kwance ba na ganin hanya, sai sama ta ɗan gilashin baya. Wayoyin lantarki suna wucewa, da kan benayen da ban san lokacin da aka gina su ba, da gajimare fari guda ɗaya da ya yi ta bin mu. Injin yana bayan kaina daf, yana fitonsa kashi biyu, ɗumi yana ratso kujera, ga warin fetur da tsohon ƙarfe. Na rasa a wace shekara nake. Wani ɗan acaba ya yi mana hon ya zagi malamar, ta ce masa Allah ya shirye shi ba ta ko waiwaya ba.

Sai rassan tsamiya suka rufe gilashin. Na ji ta fitar da giya, na ji makulli ya juya. Komai ya ɗauke. Motar ta tsaya cak kamar tana tunani, sannan ta fara gangarowa da kanta, a hankali, sannan da ɗan sauri. Ba abin da ake ji sai iska da tsakuwa, da numfashin Malama. Hannuna yana kan birki yana zufa, ban ja ba. Tsoro nake ji ƙwarai, ba na hanya ba, na abin da za mu tarar a ƙofa.

Kafin ta taka birki na ji ƙarar sakata. Na ji ƙarfen get yana jan ƙasa, ɓangare ɗaya, sannan ɗayan, a hankali, irin jan wanda ba shi da ƙarfi amma ya san inda yake cijewa. Motar ta shige ta tsaya a inuwa. Malama ta daɗe ba ta buɗe ƙofa ba. Daga waje aka buɗe mata.

"Ladi, yau kin yi latti. Yaran nan ne suka riƙe ki?"

Ta ce su ne, Baban Bitrus, sun ƙi gama aikinsu. Ta tambaye shi ko ya ci abinci.

"Ina zan ci ba ki dawo ba? Ba ni jakar."

Na ji tafiyarsu su biyu, da sandarsa, har suka kai baranda. Ba wanda ya tuna da ni, ni kuma ban isa in ɗago kai ba, kada a sake kama ɓarawo. Na ci gaba da kwanciya a naɗe, ƙafata ta mutu, hawaye yana gangara mini cikin kunne, injin yana ƙyas-ƙyas ɗin hucewa a bayan kaina. Na ji an zuba ruwa a kwano, an wanke hannu. Na ji an buɗe langa. Na kasa kunne har na fara fid da rai, sannan na jiyo muryar tsohon, a fili, da ɗan ƙorafi irin na mai gida.

"Ladi, miyar nan ta yi kaɗan. Ƙaro."